Daga Bakin Ƙofa Zuwa Teburin Sulhu

Assalamu alaikum. Ƙannena da 'ya'yana, sannunku da haƙurin zama. An ce in yi muku magana kan yadda matashiya za ta samu gindin zama a aikin zaman lafiya da tsaro na duniya. Bari in fara da Laberiya.

A shekarar 2003 ana zaman sulhun yaƙin Laberiya a Accra. Makonni suna ta shuɗewa, madugan yaƙi suna otal suna ci suna sha, a Monrovia kuwa jama'a na mutuwa. Sai matan ƙasar, Kirista da Musulmi, sanye da fararen kaya, Leymah Gbowee na gaba, suka zauna suka tare ƙofar zauren, suka ce ba mai fita sai an daidaita. A watan Agusta aka sa hannu. A 2011 Gbowee ta samu lambar yabo ta Nobel. Labari ne mai daɗi, ni ma ba na gajiya da ba da shi. Amma ku dubi inda matan nan suka zauna: bakin ƙofa. Masu rabon kujerun gwamnatin riƙon ƙwarya a ciki, galibinsu maza ne masu bindiga. Ni cikin ɗakin nake so in gan ku.

Takarda dai tana nan. Ranar 31 ga Oktoba, 2000, lokacin da Namibiya ke shugabancin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, aka zartar da ƙuduri mai lamba 1325, wanda ya ce a sa mata a hana rikici, a sulhu, da sake gina ƙasa bayan yaƙi. A 2015 aka ƙara da 2250 kan matasa. Ku duka biyun sun shafe ku. Sai dai ƙuduri ba ya ɗaukar mutum aiki.

Ga inda nake ganin yawancinmu muna tuntuɓe. Yarinya ta gama digiri, ta haddace 1325, ta halarci taron bita goma, duk a kan "batun mata". Ranar da aka zauna maganar tsagaita wuta, ko yadda za a karɓe makamai daga hannun mayaƙa, ko rabon kuɗin ma'adinai tsakanin gwamnati da yankin da ya yi tawaye, sai a ce ta jira, za a kira ta in an zo sashen mata. Kar ku fahimce ni a baibai, sashen nan yana da amfani. Yarjejeniyar sulhun da gwamnatin Kolombiya ta yi da 'yan tawaye a 2016 ta amfana da ƙaramin kwamitin da aka kafa don shi. Amma ki haɗa shi da wani fanni mai tsauri da ba a iya rufe taro sai da shi.

Ku dubi Miriam Coronel-Ferrer, malamar kimiyyar siyasa a jami'a a Filifin. Ita ta jagoranci wakilan gwamnati har aka sa hannu da ƙungiyar 'yan tawayen Moro, Musulmin kudancin ƙasar, a Maris 2014, kuma abin da aka yi ta ja-in-ja a kai shi ne iko, kuɗin shiga da ajiye makamai. Ko Manjo Janar Kristin Lund ta Norway, mace ta farko da ta zama kwamandar rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar, a Cyprus a 2014. Kafin nan ta yi Lebanon, ta yi Afghanistan. Ba a rana ɗaya ta samu tauraron ba.

Hanyoyin shiga kuwa sanannu ne. Akwai jarrabawar matasan ma'aikata ta Majalisar, wadda ba a wuce shekara 32 a zauna mata. Akwai aikin sa-kai na Majalisar, inda da yawa suka fara. Akwai Tarayyar Afirka da cibiyarta ta mata masu shiga tsakani, FemWise, tun 2017. Akwai cibiyar horo ta Kofi Annan a Accra. Akwai kuma aikin soja da na ɗan sanda, wanda 'yan jami'a ke rainawa, alhali rundunar 'yan sanda mata zalla da Indiya ta tura Laberiya a 2007 ta sa 'yan matan ƙasar da dama sha'awar shiga kaki.

Ki koyi Faransanci. Na san na faɗa ɗazu a waje, ina maimaitawa. Sakatariyar Majalisar da Ingilishi da Faransanci take aiki, kuma manyan rundunoninta a Kongo da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya suna ƙasashen masu Faransanci ne. Ki kuma iya rubuta rahoto a shafi ɗaya, don babba ba ya karanta na biyu.

Wata ta turo mini tambaya a takarda kan aure. Gaskiya ɗaya ce, 'yata: wurare da yawa da ake tura ma'aikata ba a yarda a tafi da iyali. Na taɓa yin wata tara ina jin muryar ɗana ta waya kawai. Wannan magana a yi ta da miji da iyaye tun kafin a cike takardar neman aikin, ba bayan tikitin jirgi ya iso ba.

Ga shugabar taro tana nuna mini agogo. A miƙo sauran tambayoyin.