Buɗaɗɗiyar Tambaya ko Rufaffiya: Wacce Za Ku Yi wa Masu Amfani da Manhajarku?

A ce kun ƙera manhajar aika kuɗi, sai kuka lura mutane na fara rajista su watsar da ita a tsakiya. Kuna iya tambayar mutum, "Rajistar ta yi maka wuya?" Zai ce e ko a'a, magana ta ƙare. Wannan ita ce rufaffiyar tambaya: ku kuka tsara amsoshin, shi nasa zaɓi ne kawai. Ko kuma ku ce masa, "Ba ni labarin ranar da ka gwada yin rajista, tun daga buɗe manhajar har inda ka tsaya." Wannan kuma ita ce buɗaɗɗiyar tambaya: kun sakar masa baki, zai iya kawo abin da bai taɓa faɗo muku a rai ba, misali lambar tabbatarwa da ke isowa bayan wa'adinta ya wuce.

Rufaffiyar tambaya ba ta iya ƙirga sai abin da kuka riga kuka sani. In kun jera dalilai huɗu, kuma ainihin dalilin na biyar ne, mutane za su zaɓi wanda ya fi kusa, ku samu alƙaluma masu kyan gani a kan ƙarya. Masu bincike Howard Schuman da Stanley Presser sun nuna haka a Amurka, a aikin da suka wallafa a 1981. An tambayi mutane abin da ya fi muhimmanci yaro ya koya don shirin rayuwa. Da aka sa "ya iya tunani da kansa" cikin jerin zaɓi, kusan kashi 61 cikin 100 suka ɗauke shi. Da aka bar tambayar a buɗe, waɗanda suka ambace shi ba su kai kashi 5 ba.

Saboda haka a fara da hira. Mutum biyar zuwa takwas daga kowane rukunin masu amfani, minti 30 zuwa 45 kowanne. Tambayoyin su fara da "yaya", "me ya faru", "nuna mini". Ku tambayi abin da ya riga ya faru, musamman karo na ƙarshe, don mutane ba su iya hasashen halinsu ba, "Za ka yi amfani da wannan?" kusan kowa zai ce e, don kunya ko don kara. A yi hattara da "me ya sa" kai tsaye, tana sa mutum ya ji kamar ana tuhumarsa, ya ƙago dalili nan take. "Me kake nema a lokacin?" ta fi fito da gaskiya. Kuma in ya yi shiru, ku ma ku yi shiru daƙiƙa huɗu ko biyar. Sau da yawa bayan shirun ne magana mai muhimmanci take fitowa, masu hira kuwa nan suka fi yin garaje su cike gurbin da zaɓi: "wato tsada ce ko jinkiri?" Shi ke nan, an rufe tambayar da aka buɗe.

Bayan hirar, ku ware amsoshin gida-gida. Waɗanda suka yi ta maimaituwa su ne za su zama zaɓuɓɓukan fom ɗin da za ku aika wa ɗaruruwa, da kalmomin da mutanen suka yi amfani da su. Yanzu rufaffiya ta samu gurbinta: mutum nawa ne matsalar lambar ta shafa, ta ragu ko ba ta ragu ba bayan gyara. In ra'ayi za ku auna, ga ma'aunin da mai bincike Rensis Likert ya fitar a 1932, mai matakai biyar, daga "ban yarda ba sam" zuwa "na yarda ƙwarai".

Kurakuran fom sanannu ne. Tambaya mai kai biyu, kamar "Manhajar tana da sauri da sauƙi?", wanda ya ga sauri bai ga sauƙi ba bai san me zai danna ba, a raba ta biyu. Zaɓi masu hawa kan juna, 1 zuwa 5 sannan 5 zuwa 10, a mai da na biyun 6 zuwa 10. A riƙa sauya yadda aka jera zaɓuɓɓuka, don a rubuce idon mutum ya fi kama na sama. A bar gurbin "wani abu daban", kuma in masu cike shi sun yi yawa, jerinku bai cika ba, ku koma hira.

Buɗaɗɗiya a cikin fom kuwa, ɗaya ko biyu ta isa, a ajiye ta ƙarshe, kada a tilasta amsa ta. Rubutu a waya gajiya ne, kuma amsa 500 sai wani ya zauna ya karanta su ɗaya bayan ɗaya.