Kafin A Rufe Ɗakin Gwaji: Lacca A Agege

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To, madalla.

Abu uku zan faɗa. Na farko, jami'ar da ta shigo da sinadari mai tiririn nukiliya, tun ranar buɗe ɗakin gwajin ya kamata ta rubuta yadda za ta rufe shi. Ku dubi na'urar binciken nukiliya ta ABU Zariya. A 2004 ta fara aiki, a 2018 aka sauya mata makamashi, aka mayar da tsohon ƙasar Sin, inda aka samo shi. Abin yana da gidan komawa ke nan.

Amma ku tsaya, na ga 'yan gwangwan sun cika layin gaba, labarin nan naku ne. A garin Goiania na Brazil, wani asibiti ya tashi ya bar injin gashin cutar kansa a kango. A 1987 mutum biyu suka kwance shi, suka sayar wa mai sayen ƙarafa. Da aka fasa, sai ga wata hoda tana walƙiya shuɗi cikin duhu. Mai sayen ƙarafan ya kira dangi su zo kallo! Siziyum-137 ne, sinadari mai tiririn nukiliya. Mutum 4 suka mutu, har da yarinya 'yar shekara 6 da ta ci abinci da shi a hannunta. Aka gwada mutum kusan 112,000, aka rushe gidaje. Kango fa, jama'a, kango kawai aka bari. Kuma siziyum sai ya shekara 30 ƙarfinsa ke raguwa da rabi. Shugaban jami'a nawa za a yi a shekara 30?

Na uku... au, na biyu ko? Kuɗin rufe ɗakin gwaji. A riƙa zubi duk shekara kamar adashi, a asusun da ba a taɓawa ko ana bin bashin albashi. Na uku kuma, tun wajen ciniki a rubuta cewa kamfanin da ya sayar zai karɓi kayansa.

Na'am, Alhaji?

(Tambaya: Dakta, mu da ke saye a kilo, ta yaya za mu gane ƙarfe mai irin wannan sinadari?)

Yauwa. In ka ga ƙaramin ƙarfe ya yi nauyin da ya fi girmansa, wataƙila dalma ce a ciki, wadda ake lulluɓe irin wannan sinadari da ita. Duba tambari mai kunne uku kamar fanka, bisa ruwan ɗorawa. Kada ka sa guduma, kada ka kai shi ɗaki. Janye yaranka, a sanar da NNRA, hukumar da ke sa ido kan harkokin nukiliya a Najeriya. Wani ya miƙo min alli in zana muku.