Ka girgiza taya ba ta motsa ba? Duba inda ka kafa jak

[Hilux a bakin titi, tayar gaba ta kwanta]

Assalamu alaikum jama'a. Wannan hoton na san ya shigo wayar kowa a makon nan, ni kaina sau huɗu aka turo min shi. Hilux ta durƙusa a bakin kwalta kamar raƙumin da za a ɗora wa kaya, tayar gaba ta shige ƙarƙashinta. Abin da ya tayar da gardama shi ne maganar mai motar, wai kwana uku kafin nan an ɗaga ta a gareji, an girgiza tayar, aka ce masa ƙalau take. Wasu suka ce bakaniken bai iya aiki ba, wasu suka ce kayan jabu ne, wani ma cewa ya yi bakin mutane ne. To ni dai jak nake zargi. Ku biyo ni.

[Gareji, da safe]

Muna nan cikin Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura. Wannan wata Hilux ce daban, Vigo, samfurin da aka fara fitarwa wajen 2005, kuma ta ci hanya. Mai ita hatsi yake ɗauka tsakanin Mashi, Daura da Mai'aduwa, rabin tafiyar a kwalta, rabi a yashi da gargada. Kukansa ɗaya, in ta taka rami sai ya ji ƙwas daga gaba, ɓangaren direba.

Kafin a taɓa sifana, sai ka tambayi kanka yaushe ƙarar ke fitowa. In sai ka taka totur ko ka saki, ko ka sa giya, to ka nemi matsalar a abin da ke tura mota, wato farfela (doguwar sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksil), aksil da shaf. In kuwa sai ka hau rami ko tudu, to ƙafa ce, wato sifirin, shokazoba da ƙarafan da ke riƙe da taya. Wannan tambayar kaɗai ta raba maka aiki gida biyu.

Bari mu kawar da ɓangaren farko da sauri. A sa wa tayoyi waigi, a fitar da giya, ka shiga ƙasa ka kama farfela ka murɗa ta hagu da dama, ka tura sama da ƙasa. Ka ga kuros ɗin can, mahaɗar da ke bakin farfela? In ya yi motsi, ko ka ga jan ƙura irin ta tsatsa tana fitowa daga kofinsa, ya bushe, ya mutu. Ga nonon giris nan a jikinsa, amma duba yadda laka ta rufe shi, ina jin tun da motar ta sauka daga jirgi ba wanda ya gaishe shi. Aksil kuma da kunne ake gane shi, yana gunji in ka taka totur, ka saki ya canza murya. Kwance notin man ka duba, in man ya koma kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, an tsallaka rafi da damina ke nan. Boris na taya shi ma yana gunji, amma nasa bai damu da totur ba, sai ka karkata sitiyari yake ƙaruwa ko ya ragu. Shaf ɗin gaba kuwa in ka karya sitiyari gaba ɗaya ka ja a hankali za ka ji ƙas-ƙas-ƙas.

Sai masu sa ogzilari, giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja, a kan kwalta. Alhaji, don Allah a daina. Hilux ba ta da abin da ke raba gudu tsakanin tayoyin gaba da na baya, in ka sa 4H, wato ogzilari, an ɗaure su ne wuri guda. A yashin hanyar Ɗankama taya tana samun inda za ta ɗan zame ta huce. A kwalta babu, sai ƙarfen ya yi ta murɗewa, mota ta riƙa tirjewa a kwana, giyar ta ƙi fita, a zo a ce giyabos ya lalace. Prado 120 ita daban ce, an yi ta ne tana jan ƙafa huɗu kullum, sai dai ita ma kada ka kulle abin raba gudun nata na tsakiya a kan kwalta.

Duk wannan mun duba a motar nan, lafiya lau. Saura ƙafa.

[Yaron gareji yana tura jak ƙarƙashin shasi]

Yauwa, ku lura da kyau. Ga yadda kusan kowa ke yi. An kafa jak a shasi, an ɗaga, taya tana lilo a iska. Ya kama sama da ƙasa, ya girgiza. Shiru. Ya sake, har da cije leɓe. Ko gezau. Da a ce mai motar na tsaye, yanzu za a ce masa, "Oga, ƙafarka garau take, shokazoba ne." A saya sabo, a ɗaura, ƙwas ɗin na nan.

Ni ma an yi min haka, ba labari aka ba ni ba. Shokazoba biyu na saya a wata tsohuwar Prado da na taɓa riƙewa, kuma wanda ya duba min ba mugu ba ne, da gaske ya girgiza tayar a gabana, ni ma na kama na girgiza na ce to madalla.

Ga abin da ke faruwa. Wannan ƙarfen mai kama da baka shi ne hannun ƙasa, makanikai na ce masa lowa-am. A bakinsa ga bol-join, ƙwallon ƙarfe ne a cikin kofi, kamar ƙashin ƙugu, shi ke barin taya ta juya hagu da dama kuma ta yi sama da ƙasa a lokaci guda. Yanzu bi sifirin da ido, ka ga inda ƙafarsa ta sauka? A kan lowa-am ɗin nan. Wato nauyin gaban mota, inji da komai, yana bi ta sifirin ya sauka kan lowa-am, daga nan ya ratsa ta cikin wannan ɗan ƙwallon kafin ya kai taya. Abin da bai kai ƙwan kaza ba, shi ke ɗauke da kaya.

To da ka ɗaga ta shasi, sifirin ya tura hannun ƙasa har ƙarshen iyakarsa. Ƙwallon ya karkace ya koma wani lungu na kofin da ba ya zama a ciki in ana tafiya, lungun da bai ci ba. Ga nauyin taya da birki sun ja shi sun matse. A motocin da ke da sandar toshan, sandar ƙarfe mai murɗewa da ke aikin sifirin, a hannun ƙasa maimakon sifirin mai naɗi, irin Land Cruiser 100 da tsohuwar Pajero, ƙarfin sandar ma na ƙara danne shi. Kai kuma ka zo da hannu biyu kana so ka motsa abin da aka ɗaure tamau. Kamar ƙofa ce mai sakakken ƙyaure, wani ƙato ya jingina da ita ta ciki, kai kana waje kana jijjigawa kana cewa ƙofar nan da ƙwari.

[An sauke motar, ana sake kafa jak]

Yanzu kalli hannun ogan garejin. Ya matsar da jak ya kafa shi a ƙarƙashin lowa-am, can kusa da taya iyakar yadda zai shiga. Yana ɗagawa, kun ga sifirin yana matsewa? Jak ne ya karɓi nauyin yanzu, ƙwallon ya samu sarari, kuma ya dawo daidai inda yake zama kullum, inda ya ci. Taya ta bar ƙasa kamar yatsu uku, ya isa. Ku lura ya sa wani abin tokare a ƙarƙashin shasi, tayoyin baya kuma da waigi. Jak shi kaɗai ba a ba shi amana, balle a ƙasa mai yashi, shi ya sa aka shimfiɗa masa katako.

Kuma ba da hannu za a gwada ba. Ga liba, doguwa, an zura ta ƙarƙashin taya. Yaro zai ɗaga ya saki, ɗaga ya saki, ogan kuma ya tsuguna da tocila yana kallon bol-join ɗin kansa, ba taya ba.

Ku saurara.

[Ƙarar ƙarfe]

Kun ji? Mu sake, a hankali. Ga shi nan, ƙarfen da ke riƙe da taya yana motsi, lowa-am na tsaye. Wannan ɗan tsallen da ke tsakaninsu shi ne ƙwas ɗin da mai mota ke ji tun daga Mashi. Mota ɗaya, taya ɗaya, minti biyar tsakani. Ɗazu an rantse lafiyarta ƙalau.

Wani zai ce, to ta yaya na san ba boris ba ne? Sai a sa mutum ya hau ya taka birki, a sake gwadawa. In motsin ya ɓace, boris ne, domin birki ya kama shi ya riƙe. In yana nan, bol-join ne. Mun taka, yana nan. Sannan ka kama taya ta gefe da gefe ka girgiza, wannan tayirod kake tambaya, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, shi kam ko a wane irin ɗagawa yakan faɗi gaskiya.

Amma kada wani ya ɗauki wannan ya ce kowace mota haka ake mata. Ka fara duba inda sifirin ya zauna. Tsohuwar Hilux mai ogzilari wadda ta riga Vigo, mai sandar toshan, ita sandar a hannun sama take, don haka ƙwallon sama ne ke ɗauke da nauyi. Ita ta shasi ake ɗaga ta, a tokare hannun saman kada ya sauka har ƙasa. Land Cruiser 70 da 80 kuwa ba su da wannan bol-join ɗin sam, aksil ɗin gaba sanda ɗaya ce, boris ne sama da ƙasa a cikin ƙoƙon da ke bakin aksil ɗin. In ka ga giris da man aksil sun haɗu suna tsiyaya ta bayan taya, wannan wani karatun ne, sai wata rana.

[An cire tsohon bol-join, yana kan benci]

Ga mutumin. Duba robar da ke rufe shi, ta tsage tun tuni. Ta nan yashi ya shiga ya tarar da giris, suka zama abin wasa wuƙa, kullum suna cin ƙarfe. Da damina ruwa ya shiga ya wanke sauran. Taɓa ka ji, ƙwallon na karkaɗawa cikin kofi kamar tsakuwa a gwangwani. Ranar da bakin kofin ya gaji sai ya sake shi, kuma sau da yawa ba a guje abin ke faruwa ba, a kwana ne ko wajen hawa tudun rage gudu, lokacin da nauyi ya taru a ƙafa ɗaya.

Akwai kuma wanda ya fi wannan ban tsoro a wurina, wanda ba ya motsi amma yana kuka ƙiii in ka juya sitiyari, sitiyarin ya yi nauyi, ba ya komawa da kansa bayan kwana. Ya bushe ne yana neman kamewa. Kada a ɗura masa baƙin mai da sirinji a ce an gyara, na ga ana yi, kukan ne kawai ke tsayawa.

Sauran ƙafar ido ya ishe ka. Shokazoba in ya jiƙe da mai har ƙura ta manne masa, ya tafi. Bush ɗin roba in ya tsage ko ya zazzago gefe, a canza. A baya ka ƙirga ganyen sifirin ɗaya bayan ɗaya, masu lodin buhu har sama da kan mota, ku nake nufi. In ka bi mota a baya ka ga tana tafiya a karkace kamar kare, notin tsakiyar sifirin ya karye, aksil ya goce.

Mai son sayen tsohuwar mota a hannun dillali, ka zo da bakanikenka da jak ɗinka. In aka ce, "Haba Alhaji, ai jiya aka duba ta," ka ce to a ƙara dubawa, kai za ka biya.

[Ana ɗaura sabo]

Tunda ɗaya ya mutu, ogan ya ce biyun za a canza, tare suka sha hanya. Ga noti ya ɗauru, ga ɗan fil ɗin da ke hana shi warwarewa, sabo aka sa, ba ƙusa aka lanƙwasa ba. Notocin bush kuma ba a matse su sai mota ta sauka ta zauna a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta tsage cikin 'yan watanni. Daga nan sai wajen alaimen.

Kai yaro, sauke jak ɗin a hankali, akwai ƙafar mutum a nan.