Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista a Ɗakin Binciken Halittun Gaɓar Teku

Mai Girma Minista, manyan baƙi, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, a madadin ma'aikatan wannan ɗakin bincike, muna maka barka da zuwa, sannu da hanya. Ka zo ganin banakul, dangin ƙaguwa mai ɓawo mai tauri, wanda ke manne wa duwatsun gaɓa da gindin jiragen ruwa.

A yawancin nau'o'insa, kowane banakul namiji ne kuma mace, amma galibi sai da maƙwabci suke barbara. Tunda ba ya barin inda ya liƙe, wanda ya zauna shi kaɗai galibi ba ya haihuwa. Nau'in Semibalanus balanoides na arewacin Tekun Atilantika sau ɗaya yake haihuwa a shekara. Yana barbara wajen Nuwamba, bayan yini ya gajarta, ruwa kuma ya yi makonni ƙasa da kimanin digiri 10 zuwa 12 a ma'aunin Salsiyas. Daga nan sai ya riƙe ƙwai cikin ɓawonsa har hunturu ya wuce. Wajen Maris, da ƙananan tsirran da ke yawo a ruwa sun yawaita, uwar ta ci ta ƙoshi, sai jikinta ya fitar da sinadarin da ke sa ƙwan ya ƙyanƙyashe. 'Ya'yan suna iyo suna ci suna saɓa har mataki 6, sannan na ƙarshe, wanda ba ya cin komai, ya nemi wuri ya liƙe da goshi.

Abin da ke damunmu shi ne ɗumamar ruwa. Idan hunturu bai yi sanyi ba, haihuwar shekarar tana iya lalacewa. Idan kuma 'ya'yan suka fito kafin abincinsu ya yawaita, yunwa ce ke kashe su. A tekunan ƙasashe masu zafi lamarin dabam ne: nau'in Amphibalanus amphitrite yana haihuwa sau da dama a shekara, sai dai ruwan sama mai yawa yana rage gishirin bakin kogi, mannewar 'ya'yan ta ja baya.

Sanin lokacin da 'ya'yan ke mannewa shi ke nuna ranar da ta dace a kankare gindin jirgi da bututun jan ruwan teku, don jirgin da banakul ya lulluɓe ya fi shan mai.

Roƙonmu guda ne, ranka ya daɗe: a taimaka kada awon zafin ruwa da ƙirgan 'ya'yan banakul da ke mannewa a farantan da muke nutsarwa cikin teku su tsaya ko da wata ɗaya, domin watan da aka tsallake ba ya ramuwa. Bismillah, mu ƙarasa wurin madubin ƙara girma ka ga 'ya'yan da idonka.