Tarihin gwagwarmaya a zangon matafiya: abin da ake gwadawa a Sin

Malamai da ɗalibai, barkanmu da war haka.

Manyan titunan ƙasar Sin sun haura kilomita dubu 180, kuma duk bayan ɗan nisa akwai zango inda direba zai sha mai, fasinja ya kama ruwa, ya sa wani abu a ciki. Tun 2004 gwamnati ta fito da tsarin jawo jama'a su ziyarci wuraren juyin juya halin Kwaminis. Daga nan tarihin ya gangaro bakin titi: ana saka shi cikin zanen zangunan matafiya, kuma yadda za a yi hakan shi ne batunmu.

Mu ɗauki Jinggangshan a lardin Jiangxi, tsaunukan da Mao Zedong ya fake da ragowar mayaƙansa a 1927, kwamandan soja Zhu De ya same shi can a 1928. Malalacin mai zanen zango zai kafa ƙaton mutum-mutumi, ya liƙa jan tauraro, ya ce ya gama. Wanda fitsari ya matse kuwa ko ɗaga kai ba zai yi ba.

Tarihin wurin yana cikin ƙananan abubuwa. Yaran firamare a can sun san labarin sandar dakon Zhu De: yana da shekara 42 yana hawa dutse da hatsi a kafaɗa, sojoji suka ɓoye sandar don ya huta, ya yanko wata ta gora ya rubuta sunansa a jiki. Cimarsu jar shinkafa da miyar kabewa. To ga kayan aiki nan! A yi rumfa da gora, kabewa ta yi yaɗo a kanta, mai abinci ya tuƙa jar shinkafar. Matafiyi ya zauna a inuwa, ya ci tarihin da cokali.

Kada a kwashi wannan a kai Yan'an, hedkwatar jam'iyyar Kwaminis daga 1937 zuwa 1947. Can rawayar ƙasa ce, da ɗakunan da aka haƙa a jikin tudu masu ƙofar baka.

Af, kada mu manta, jam'iyya mai mulki ce ke zaɓen abin da za a tuna. Ba na tsammanin za ku ga yunwar 1959 zuwa 1961 a bangon wani zango.

Sai batun direban tirela. In dutsen tunawa zai tare masa gani a kwanar fita, a matsar da dutsen.