Lacca Kan Yaro Mafaɗaci da Yadda Yake Fassara Niyyar Abokansa

Assalamu alaikum. Shugaban taro, shugabannin makarantu, malamai da iyaye, barkanmu da haɗuwa.

Duk malamin da ya taɓa riƙe aji huɗu zuwa shida na firamare ya san yaron da ba a raba shi da faɗa, kuma ya san amsar da yake bayarwa idan aka tsare shi: "Malam, da gangan ya yi." Sau da yawa yaron ba ƙarya yake yi ba, abin da zuciyarsa ta nuna masa ke nan, kuma a nan ne nake ganin tushen matsalar yake.

A shekarar 1980 wani masanin halayyar yara a Amurka, Kenneth Dodge, ya yi gwaji da yara maza 'yan firamare. An ba kowannensu gutsattsarin hoto ya harhaɗa, sannan aka sa ya ji cewa wani yaro ya wargaza masa aikin. Inda mugunta ta fito fili, mafaɗata da masu sanyin hali duk sun rama, inda kuma ya bayyana cewa taimako aka yi niyya, duk sun haƙura. Bambancin ya fito ne a inda ba a san niyyar ba. Masu sanyin hali suka ɗauka kuskure ne, mafaɗata kuwa suka ɗauka cuta ce. To, mu duba da kyau, yawancin abin da ke faruwa a filin makaranta irin wannan ne: an taka ƙafarsa a layi, an bangaje shi wajen ƙwallo, an yi dariya yana wucewa.

Daga ina wannan mummunan zato yake samo asali? Binciken da Dodge da abokan aikinsa suka wallafa a 1990 ya nuna cewa yaran da suka sha duka mai tsanani tun suna ƙanana sun fi saurin ganin gaba a inda babu ita. Yaron da ya saba hannu yana sauka a kansa ba tare da gargaɗi ba, dole ya koyi zama cikin shiri. Abin tausayin shi ne, da zarar ya yi suna da faɗa, sai abokai su guje shi, su riƙa ɗora masa laifi ko bai yi ba, shi kuma ya ƙara sakankancewa cewa kowa maƙiyinsa ne. A 2015 an ga irin wannan alaƙa tsakanin zato da faɗa a yara 1,299 na ƙasashe 9, ciki har da Kenya da Jodan, saboda haka ba halin yaran Amurka kaɗai ba ne.

Kada kuma mu manta da 'yan mata. Nicki Crick da Jennifer Grotpeter sun nuna a 1995 cewa nasu faɗan ya fi zuwa ta hanyar gaba, gulma da ware yarinya daga wasa, abin da ba ya barin tabo balle malami ya gani.

Ra'ayina shi ne bulala ba ta gyara irin wannan yaro, domin tana tabbatar masa da abin da yake zato ne. A 1993 Cynthia Hudley da Sandra Graham sun koya wa yara mafaɗata yadda za su bambance ganganci da kuskure, su nemi hujja kafin su yanke hukunci, kuma malamansu sun shaida cewa faɗan ya ragu. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tun da aya ta 12 a Suratul Hujurat ta gargaɗe mu cewa sashen zato zunubi ne. Idan rigima ta tashi, malami ya bari yaron ya huce, sannan ya tambaye shi: me ka gani da idonka? Da wane dalili kuma zai iya yin haka? Bayan nan a kira ɗayan yaron ya faɗi nasa a gabansa, kuma a maimaita hakan duk lokacin da abin ya sake faruwa, domin zama ɗaya ba ya isa.