Yadda ake gano inda wayar intanet ta tsinke a ƙarƙashin ƙasa

Katafila ta wuce, sabis ya ɗauke. Injiniya yana zaune a ɗakin na'urori, ya ce a je kilomita 10 da mita 200 a tona. Jama'a na ta tambaya ko GPS ne a cikin wayar. Babu. Na'urar da injiniyan yake aunawa da ita, OTDR, agogo ce mai tsananin sauri.

Tana harba guntun hasken leza cikin zaren gilashin da ke cikin wayar, sai ta saurari abin da zai dawo, kamar mai kuwwa a bakin rijiya. Ɗan hasken yana ta komowa duk tsawon hanya. Inda wayar ta tsinke, sai layin da ke allon na'urar ya faɗi.

To, a nan ake ruɗewa. Lokaci na'urar take ƙirgawa, nisan lissafa shi take yi. Cikin gilashi haske yana gudun kusan kilomita 204,000 a daƙiƙa, ba 300,000 da muka haddace a makaranta ba. A ce ya dawo bayan mikirosakan 100, wato kashi 100 cikin miliyan na daƙiƙa. Ya ci kilomita 20.4, zuwa da dawowa. A raba biyu: 10.2.

Saurin nan kuwa mutum ne yake faɗa mata shi, da wata lamba da kamfanin da ya ƙera wayar ya bayar, yawanci wajen 1.468. Idan aka sa 1.460, a wannan nisan an wuce wurin da fiye da mita 50. Masu tono su yi ta zufa a banza.

Ko lambar ta yi daidai, akwai sauran magana. Kilomita 10.2 tsawon gilashi ne, ba na titi ba. Dubi cikin ramin da ake haɗa wayoyi a bakin hanya: an naɗe rarar waya, mita 20 ko 30, don gyaran gaba. Ramuka goma, an tafi da mita 200 zuwa 300. Wanda ya bi mitar mota kai tsaye zai zarce. Shi ya sa gwani yake neman haɗi na ƙarshe da allon ya nuna, ya gano raminsa a taswira, ya auna daga can. In da hali, a harba daga ɗaya gefen ma a gwada.

Sauran a gurguje. Gajeren haske yana rarrabe abubuwan da ke kusa da juna amma ba ya nisa, dogo yana nisa amma yana haɗe su. Mitocin farko na'urar makauniya ce, don haka ake jona mata wayar gwaji, mita 500 ko kilomita ɗaya. A gwada da haske iri biyu, mai tsawon zango nanomita 1310 da mai 1550: in asarar haske ta fi yawa a 1550, wayar ce ta lanƙwashe. Kuma don Allah kada a leƙa bakin wayar. Hasken ba ya ganuwa, amma yana lalata ido.